Tashi da Faɗuwar Sana'ar Hayar Finafinai: Daga Ƙofar Wambai Zuwa LoveFilm

Duk wanda ya yi wayo a Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi a ƙarshen shekarun 1990 zai iya tuna wani irin ɗan shago da ba a cika rasa shi a bakin kasuwa ko kusa da tashar mota ba. Bangonsa a lulluɓe yake da kwalayen kaset masu hotunan 'yan wasa, mai shagon kuwa yana zaune da babban littafi a gabansa. Yaro zai zo da aike daga cikin gida, a rubuta sunan maigidan da sunan fim, a karɓi kuɗin kwana ɗaya, a miƙa masa kaset a cikin leda. Washegari ya dawo da shi. In ya makara, a ƙara masa kuɗi. A ƙananan garuruwa kuwa, tun daga Birnin Tsaba har bakin iyakar Nijar, inda ba kowane gida ke da bidiyo ba, gidan kallo mai janareta ne ke tara jama'a.

Ɗalibin da ke sakandare a yau mai yiwuwa bai taɓa shiga irin wannan shago ba. Sana'ar ta mutu a ƙasar Hausa, ta kuma mutu a Ingila da Amurka, inda ta kai matsayin manyan kamfanoni masu karɓar oda ta intanet su aika da faifai ta gidan waya. Abin lura shi ne, sha'awar kallo ba ta ragu ba ko kaɗan. To, me ya kashe sana'ar? Amsar tana cikin wata tambaya ta kimiyya: wace hanya ce mafi sauƙi da araha ta ɗaukar bayanai masu yawa daga wani wuri zuwa wani?

Zamanin kaset

Kamfanin JVC na ƙasar Japan ne ya fito da kaset ɗin bidiyo samfurin VHS a shekarar 1976. A cikin kaset akwai dogon zare na roba wanda aka shafe fuskarsa da garin ƙarfe mai laushi ƙwarai. Idan ana ɗaukar hoto, kan na'urar yana juyawa da sauri yana jera ƙwayoyin garin nan ta hanyar maganaɗisu, gwargwadon ƙarfin haske da launi da sauti. Idan an zo kallo, sai kan ya bi sawun da ya bari ya mayar da shi hoto.

Kafin a fara finafinan Hausa na kasuwa, Kano ta riga ta zama cibiyar kwafar kaset. 'Yan kasuwa, musamman na Ƙofar Wambai, kan jera na'urorin bidiyo da yawa a ɗaki guda, a haɗa su da uwar kaset ɗaya, su yi ta juyar finafinan Indiya da na Sin da na Amurka, da wa'azi, da wasannin kwaikwayo na talabijin. Wani masani, Brian Larkin, ya yi bincike a kan wannan harka, ya bayyana ta a littafinsa mai suna Signal and Noise na shekarar 2008. Saboda haka, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don sayarwa a kaset, hanyar rarraba kaya a shimfiɗe take. Motocin da ke kai atamfa da takalma Gusau da Sakkwato da Maraɗi su ne ke tafiya da kaset. Zuwa lokacin da Sangaya da Wasila suka fito, wajen shekarun 1999 da 2000, kasuwar ta bunƙasa har ta sami mujallunta, irin su Fim da Tauraruwa. A Tauraruwa ɗin ne ma aka raɗa wa masana'antar suna Kannywood a 1999.

Tsarin cinikin yana da ban sha'awa. Furodusa kan buga kwalayen fim ɗinsa, ya kai wa 'yan kasuwa tare da uwar kaset. Su ke sayen kaset maras komai, su juya, su saka a kwali. Rabon furodusa yana fitowa ne daga yawan kwalayen da aka sayar. Wato kwali shi ne shaidar halas. Mai shagon haya kuwa kaset ɗaya ko biyu zai saya, ya ba mutum hamsin haya. Ba mamaki da masu shirya finafinai suka daɗe suna kokawa da 'yan haya, ko da yake in za a faɗi gaskiya, su ne suka kai fim cikin gidajen da ba za su iya sayen kowane sabon kaset ba, har ya isa ga matan aure waɗanda ba sa zuwa silima.

Kaset yana da wani rauni na asali, kuma raunin nan ya zama garkuwa ga masu fim ba tare da sun sani ba. Bayanin da ke jikin zare ba lambobi ba ne, kamanni ne, mai hawa da sauka. Duk kwafin da aka yi yana ɗauko kamannin tare da ɗan datti, ya kuma ƙara nasa. Kamar ɗalibi ne ya ɗora takarda a kan taswira ya bi zanen, wani ya ɗora a kan tasa, wani kuma a kan ta wancan. Kafin a kai mutum na biyar, Kogin Kwara ya fara sauya hanya. Haka kwafin kwafi na kaset yake: launi ya dushe, hoto ya riƙa rawa, sauti ya shaƙe. Mai son hoto garau dole ya nemi na kusa da uwa.

Abin da ke jikin faifai

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, na VCD mai ɗauke da hoto ya biyo baya a 1993, sa'an nan DVD ya fito a Japan a ƙarshen 1996, ya isa Amurka a watan Maris na 1997. Dukkansu faɗinsu santimita 12 ne, kaurinsu milimita 1.2. Bambancinsu yana can inda ido ba ya gani.

A cikin faifai akwai layi guda ɗaya tak, wanda ya faro daga tsakiya ya yi ta naɗewa har baki, kamar yadda ake saƙa faifan kaba. A kan layin akwai 'yan ramuka da filaye. Na'ura tana haska layin da siririn hasken leza, hasken ya dawo, wani ɗan ido ya auna shi. Sauyin da ake samu tsakanin rami da fili shi ake fassarawa zuwa lambobi biyu, sifili da ɗaya. Kowace lamba guda ana kiranta bit, takwas daga cikinsu kuma bayit.

CD yana amfani da leza mai tsawon zango nanomita 780, DVD kuwa da jan leza mai nanomita 650. Da yake zangon ya fi gajarta, ana iya tsuke hasken ya sauka a wuri mafi ƙanƙanta, don haka aka ƙanƙanta ramukan aka kuma matso da layukan. Tazarar layi da layi a CD maikuromita 1.6 ce, a DVD kuwa 0.74. Wato kimanin layi ɗari za su shige cikin kaurin gashin kai guda. Da za a warware layin DVD a miƙe shi, zai kusa kilomita 12. Sakamakon haka, CD yana ɗaukar kimanin megabayit 700, DVD mai hawa ɗaya kuwa gigabayit 4.7, fiye da ninki shida. Faifan VCD, wanda ya karɓi kasuwar Kano daga hannun kaset a shekarun farko na 2000, ba ya wuce minti 74 zuwa 80, shi ya sa dogon fim ke zuwa a faifai biyu.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan ƙira. Na farko, lamba ba ta dushewa. Idan aka kwafi sifili da ɗaya sau dubu, na dubun daidai yake da na farko, don haka garkuwar da kaset ya ba masu fim ta faɗi. Na biyu, faifai bai wuce nauyin giram 16 ba, ga shi shafal, yana shiga ambulan. Abu na farko shi ya tsara makomar kasuwar Kano. Na biyun kuma shi ya haifar da sabuwar sana'a a ƙasashen Turai da Amurka.

Haya ta gidan waya

A Amurka, sarkin 'yan haya shi ne kamfanin Blockbuster, wanda aka kafa a birnin Dallas a 1985, ya kuma mallaki shaguna fiye da 9,000 a duniya a 2004. Tsarinsa bai bambanta da na shagon Ƙaura ba sai a girma: ka je da ƙafarka, ka zaɓa, ka dawo da shi a kan lokaci ko a ci ka tara.

A 1997 wasu mutum biyu, Reed Hastings da Marc Randolph, suka kafa Netflix a jihar Kalifoniya. Kafin su zuba kuɗi sai da suka yi gwaji irin na ɗakin kimiyya: suka saka faifan CD a ambulan, suka aika gidan Hastings, ya isa bai fashe ba. A watan Afrilu na 1998 suka buɗe shafinsu na intanet da finafinai 925. A 1999 suka shigo da tsarin biyan kuɗin wata, aka kuma yi watsi da tarar makara. A shekarar 2000 sun yi wa Blockbuster tayin ya saye su a kan dala miliyan 50, ya ƙi.

A Ingila kuwa, wanda ya yi fice shi ne LoveFilm. Ya faro a 2002 da sunan DVDsOnTap, ya sauya suna a ƙarshen 2003, ya yi ta haɗiye ƙananan abokan hamayya, har ya haɗe da babban kishiyarsa mai suna Video Island a 2006. A 2008 ya karɓi sashen hayar faifai na kamfanin Amazon a Ingila da Jamus, Amazon kuma ya sami babban kaso a cikinsa. Ya yi ciniki har a Suwidin da Denmak da Norwe, kuma a farkon 2012 masu biyansa kuɗin wata sun kai miliyan biyu.

Ga yadda abin yake gudana. Mutum zai shiga shafin kamfani ya rubuta jerin finafinan da yake so, ashirin ko hamsin, ya biya kuɗin wata da katin banki. Kamfani ya duba rumbunsa, ya aiko masa da wanda ke akwai daga cikin jerin. Ambulan ɗin da faifan ya zo ciki shi ne na mayarwa, an riga an biya kuɗin kan sarki. Da zarar ya koma, sai a aiko na gaba. Ba ranar mayarwa, domin wanda ya riƙe faifai kansa ya cuta, tunda ba za a aiko masa da wani ba.

Jerin nan shi ne dabarar da ta fi kowace, a ganina. Matsalar kowane mai haya ita ce ranar da sabon fim ya fito kowa shi yake nema, tsofaffin kuma suna kan kanta suna shan ƙura. Da jeri a hannu, kamfani na iya aika wa mutum abu na uku ko na bakwai a cikin zaɓinsa, ya karɓa da murna. Haka kuma, shagon unguwa ba zai ajiye fim ɗin da mutum ɗaya ne zai nema a shekara ba, amma rumbu guda mai hidimar ƙasa baki ɗaya zai iya, don in an tara masu neman daga garuruwa dubu sun isa su biya kuɗinsa. Ta haka LoveFilm ya tara finafinai da wasanni fiye da 70,000, na Netflix kuwa suka haura 100,000.

Lissafin da ya ɗaure sana'ar

Mai karatu zai iya tambaya: tunda da intanet ake yin odar, me ya hana a turo fim ɗin kansa ta intanet? A nan sai mu ɗauki alƙalami, kuma malamai za su iya ba ɗalibai wannan a aji.

Gigabayit 4.7 daidai yake da bit biliyan 37.6. A ƙarshen shekarun 1990, mafi yawan gidajen da ke da intanet suna amfani da layin tarho ne, wanda iyakar gudunsa bit 56,000 a daƙiƙa. Idan aka raba, za a sami daƙiƙa kusan 671,000, wato sa'o'i 186, kusan kwana takwas, layin tarho a toshe dare da rana. Ma'aikacin gidan waya kuwa a kwana ɗaya yake kawo faifan. Kwana ɗaya daƙiƙa 86,400 ne, don haka gudun ambulan ya kama bit 435,000 a daƙiƙa, kusan ninki takwas na layin tarho.

Mu kawo lissafin gida. A ce mota ta taso daga Kano da faifan DVD dubu a cike, nauyin da bai wuce kilo 16 ba in ban da kwali, ta ɗauki sa'a takwas kafin ta iso Ƙauran Namoda. Ta ɗauko bit tiriliyan 37.6 a cikin daƙiƙa 28,800, wato bit biliyan 1.3 a kowace daƙiƙa. Ko a yau, kaɗan ne daga cikin masu intanet a Nijeriya suka taɓa ganin irin wannan gudu. Aibin mota ɗaya ne: sai ka jira sa'a takwas kafin bit na farko ya iso.

Wannan ya nuna cewa kamfanonin nan, duk da sunan intanet da suka ɗauka, a kan gidan waya suke tsaye. Shi ya sa irin cinikinsu bai kafu a ƙasar Hausa ba. Yana buƙatar gida mai lamba a titi mai suna, da ma'aikacin da zai kai wasiƙa har ƙofa kullum, da katin banki, da intanet a cikin gida. A nan kuwa, mai jiran wasiƙa akwati yake kamawa a gidan waya, ko ya ba da adireshin makaranta ko na wani ofis. Wayar salula ta GSM ma sai a 2001 ta fara aiki a Nijeriya. Aikin da ambulan ya yi a Ingila, direban mota da ɗan aike ne suka yi shi a nan.

Yadda ƙarshen ya zo

Lissafin da ya raya sana'ar shi ya kashe ta. Gudun intanet ya yi ta ninkuwa, dabarun matse hoto cikin lambobi kaɗan suka ƙara inganta, gudun ambulan kuwa yana nan inda yake. Da intanet na gida ya kai bit miliyan biyu ko uku a daƙiƙa, sai ya zama ana iya kallon fim yayin da yake isowa. Netflix ya fara wannan a 2007. Blockbuster ya karye a 2010. Amazon ya saye LoveFilm ɗungurungum a 2011, ya mayar da sashen kallo ta intanet ƙarƙashin sunansa a 2014, sa'an nan ya rufe hayar faifai ta gidan waya ranar 31 ga Oktoba, 2017. Netflix ya jure har ranar 29 ga Satumba, 2023, lokacin da ya aika da ambulan na ƙarshe, bayan ya aika da faifai fiye da biliyan biyar cikin shekara 25.

A ƙasar Hausa mutuwar ta biyo wata hanya dabam. Tun kafin intanet ya yi ƙarfi, faifan satar fasaha masu cushe da finafinai goma ko ashirin sun cika kasuwa, farashin saye ya faɗi har haya ta rasa ma'ana. Sa'an nan wayar hannu mai nuna hoto ta yaɗu, tare da ɗan katin memori wanda bai kai farce girma ba amma yana ɗaukar abin da faifai da yawa ke ɗauka. Sai ga sabuwar sana'a: saurayi da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, yana tura wa mutane finafinai a waya a kan kuɗi ƙalilan. Ba kwali, ba mayarwa, kuma wanda aka tura wa yana iya tura wa abokinsa kyauta. Tsarin da furodusa ke samun rabonsa daga kwali ya rushe. Cikin shekarun 2010 kasuwar faifai ta Kano ta durƙushe, masu fim suka koma ga talabijin da intanet. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, manhajar Northflix ta fito a 2019, shiri mai dogon zango irin su Izzar So ya sami miliyoyin masu kallo a YouTube daga 2020.

Abin da aka rasa

Sauƙin da aka samu a bayyane yake, ba sai an tsaya a kansa ba. Amma akwai asara iri biyu da ya kamata ɗalibi ya sani.

Ta farko, abin da ke intanet ba a hannunka yake ba. A dokar Amurka, wanda ya sayi faifai yana da ikon ba da shi haya, shi ya sa rumbun Netflix ya iya tara kusan duk abin da aka taɓa bugawa. Nuna fim ta intanet kuwa sai da yarjejeniya da mai shi, kuma yarjejeniya tana ƙarewa, fim ya ɓace daga jeri. Ga kuma dogaro da layin sadarwa. Mutanen Zamfara sun ga wannan a watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta sa aka katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran yankuna suka ƙara makonni. A tsawon wannan lokaci, karatu ko wa'azi ko fim ɗin da ke cikin memori ko faifai yana nan daram, wanda ke intanet kuwa ya yi nisan da ba a iya kai masa.

Ta biyu ta fi nauyi. Ɗaruruwan finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset kaɗai aka fitar da su, kuma shagunan haya ne suka fi kowa tara su wuri ɗaya. A cikinsu akwai Hausar wancan zamani, da suturarsa, da fasalin unguwannin da yanzu an rushe an sake gini. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun dogara da irin waɗannan kaset wajen nazarin al'adun Hausawa na zamani. Zaren kaset kuwa ba ya jira. Danshin damina yana narkar da ƙaron da ke riƙe da garin ƙarfen, ya kuma haifar da fumfuna. Zafin bazara yana lanƙwasa robar. Ƙurar hunturu tana kankare fuskar zaren duk lokacin da aka kunna shi. Na'urar da za ta karanta shi ma ta zama abin nema, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya daina a watan Yuli na 2016.

Wanda ke da irin waɗannan kaset a gida, ya ajiye su a tsaye kamar littattafai, a wuri mai sanyi maras danshi, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Kaset ɗin da aka ga farin fumfuna a jikin zarensa kada a saka shi a na'ura, don zai ɓata kanta ya kuma shafa wa na bayansa. Faifai kuwa a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba: na'ura tana iya cike gurbin lambobin da ƙarcen da ya gitta layi ya ɓata, amma ƙarcen da ya bi layin yana share dogon jeri a lokaci guda. Makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, in ta sami tsohon bidiyo mai aiki da ɗan abin haɗi da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, tana iya juye kaset zuwa kwamfuta. Aikin yana cin lokaci daidai tsawon fim ɗin, kuma a ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam, a rubuta sunan fim da kamfanin da ya shirya shi da shekararsa kamar yadda suke a jikin kwali.